Kun Tambaya, Mun Amsa: Sassaƙar Gargajiya a Hannun Masu Zanen Zamani

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Zariya. Na sassaƙa dagin Arewa a faffaɗan katakon maɗaci don a rataye a bango, hunturu na shigowa ya tsage gida biyu. Ina kuskurena?

Amsa: Malam, ɗanyen itace ka sassaƙa. Bakin katako ya fi tsakiyarsa saurin zubar da ruwa, sai waje ya tsuke alhali ciki bai motsa ba, iskar hunturu kuma ta ƙarasa aikin. In zuciyar itacen tana cikin katakon, tsagewar daga nan take farawa, don haka a yanke ta tun wurin tsaga.

Za ka ce ai masu turmi ɗanyar kirya suke sara da gizago. Haka ne, domin in ta bushe ƙarfe ba ya cin ta da daɗi. Amma su suna rarake cikin, kaurin ya ragu, duk da haka a inuwa suke ajiye shi. Naka falle ne, ba shi da wannan sauƙin.

Ka shafe baki biyun da narkakken kakin zuma ko tsohon fenti. Ka jera katakan a inuwa, sama da ƙasa saboda gara, da ƙananan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Ƙa'idar kafintoci ita ce kusan shekara guda ga kowane inci na kauri, ko da yake rani irin namu yana rage wannan. Abin da ba ya ƙarya shi ne sikeli: auna duk mako, in nauyin ya tsaya wuri ɗaya har mako uku, ka ɗauki gizago.

Akwai wata dabara. El Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, ya yi ayyukan bango da siraran katakai jere da juna, yana yanka su da injin zarto, yana babbaka su da wuta. Ka gwada falle mai faɗin inci 3 ko 4. Kowanne zai tsuke shi kaɗai ba tare da ya ja ɗan'uwansa ba.

Tambaya: Ina yin fitilun ado da ƙwarya a Yola, amma fentin yana ɓarewa bayan 'yan watanni.

Amsa: Malama, bayan ƙwarya yana da wata siririyar fata mai santsi wadda fenti ba ya kamawa. Jiƙa ta kamar minti 30, ki kankare da wuƙa marar kaifi, ta kwana biyu a inuwa, sannan ki goga da sanfefa mai laushi.

Zanen wuta ne farko, fenti daga baya. Matan Ga'anda da Fulanin Adamawa sun daɗe suna zana ƙwarya da wuƙar da aka gasa a garwashi. Ki sa biyu ko uku a wuta kina musanyawa, don wadda ta huce jan layi take yi mai dishi-dishi. Wannan ƙonannen layin shi ke tare fenti kada ya malala. Ki shafa fentin akrilik siriri sau biyu, ba mai kauri sau ɗaya ba.

Ki zaɓi ƙwaryar da ta kai milimita 5 a kauri, ramukan haske kada su matsu da juna, in ba haka ba tsakaninsu zai karye. Ƙwan LED kawai, tsohon ƙwan lantarki zafinsa na busar da ƙwarya har ta fashe. Ki rufe hanci lokacin kankarar ciki, ƙurar tana da ɗaci kuma tana sa tari.

Tambaya: Wai wanda ya sa inji da fenti, za a ce sassaƙar gargajiya yake yi?

Amsa: Gardamar ta tsufa. A 1958 ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya a kan haɗa fasahar gida da ta makaranta. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Mu a ganinmu inji ba laifi ba ne, amma wanda bai taɓa zama gaban masassaƙi ya koyi bin jijiyar itace ba, aikinsa yana tona shi. Kuma in tsarin zanen na wani gari ka ɗauko, ka rubuta sunan garin a jikin takardar aikin.