Waya a Cikin Kwamfuta: Amsoshin Wasiƙunku

Tambaya: Malam, na saka BlueStacks a laftof ɗina ƙirar HP don in riƙa buɗe manhajojin karatun da ke wayata a babban allo. Sai ya tsaya yana ta juyi, fanka tana kuka kamar injin markaɗe. Mene ne mafita? *Ɗalibi daga Runjin Sambo*

Amsa: Ƙanena, ka ɓoye mini girman ram ɗinka, amma kukan fankar nan ya tona maka asiri: 4GB ne. BlueStacks 5 shi kaɗai 4GB yake nema mafi ƙaranci, Windows kuwa ya lashe fiye da rabi tun kafin ka taɓa komai. Idan laftof ɗin yana karɓar ƙari, ka kai shi 8GB.

Kafin ka kashe kuɗi, buɗe Task Manager, shiga Performance, duba CPU. Idan an rubuta Disabled a gaban Virtualization, kashe laftof ɗin, kunna, ka yi ta danna F10 har ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ke buɗewa kafin Windows, ka kunna saitin Virtualization ɗin. BlueStacks wata wayar Android yake ginawa a cikin kwamfutarka, kuma wannan saitin ne ke ba ta dama ta yi aiki da furosesa kai tsaye. Sannan ka sauke laftof ɗin daga kan katifa. A zafin Afrilu na Sakkwato, mutum ma neman inuwa yake, balle laftof da ƙurar hunturu ta toshe wa hanci.

Tambaya: Ina da shagon atamfa a babbar kasuwa. Yarona ya samo wani BlueStacks "gyararre" a zauren WhatsApp, ya sa a kwamfutar shago don a ɗora manhajar bankina, yara su riƙa duba shigowar kuɗi idan ba na nan. Manhajar ta ƙi buɗewa. Yaya za a tilasta ta? *Hajiya daga Mabera*

Amsa: Hajiya, ki yi haƙuri, wannan kam ba zan koya miki ba. Ki gode wa Allah da ta ƙi buɗewa.

Manhajojin banki da yawa sukan bincika inda aka ɗora su kafin su yi aiki. Google yana da tsari mai suna Play Integrity da ke faɗa wa manhaja ko tana kan waya ta gaskiya ne ko kuma a kan kwaikwayonta. Idan ta ga kwaikwayo ne, sai ta rufe ƙofa. Abin da kike kira matsala, shi ne maigadin da ya tsare miki jarinki. Duk wanda ya ce zai tsallake miki shi, sai ya fasa tsarin wayar ko ya ba ki manhajar bankin da aka sauya wa ciki, ke kuma ba ki san me aka cusa ba.

Kalmar "gyararre" ɗin nan ce ta fi tayar mini da hankali. BlueStacks kyauta ne a shafin masu shi. To, wane mai tausayi ne zai zauna ya gyara abin kyauta, ya raba a WhatsApp, bai nemi ko sisi ba? Ribarsa tana wani wuri. Irin wannan fayil yakan zo da ɗan leƙen asiri da ke rubuta duk abin da aka latsa a kibod, ya aika wa ubangidansa. A 2021 kamfanin tsaro na ESET ya gano cewa masu kutse sun shiga hanyar sabunta NoxPlayer, wata manhaja irin BlueStacks, suka tura wa wasu mutane muguwar manhaja. Wannan fa ta ƙofar kamfani aka bi. Ina ga fayil ɗin da ya ratsa hannu goma kafin ya iso Mabera?

Kwanan baya wani dattijo mai sayar da hatsi ya kawo mini kwamfutarsa. Ya zauna a benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana nuna mini saƙonnin cire kuɗi da suka shigo da tsakar dare, yana barci. Ko ruwan da na ba shi bai iya sha ba. Da na bincika, ɗansa ne ya sa irin wannan fayil don wasan ƙwallo, shi kuma a kan kwamfutar yake shiga imel da shafin bankinsa. Yaron ba ɓarawo ba ne, kamar yadda naki ma ba ɓarawo ba ne. Rashin sani ne, amma kuɗin sun tafi.

Yau ɗin nan ki cire kwamfutar daga intanet, a sake ɗora mata Windows gaba ɗaya, goge manhajar kawai bai isa ba. Idan kin riga kin rubuta lambar sirrinki a kanta, ki sauya daga wayarki kafin ki yi sallar magariba. Su yara kuma ki samar musu na'urar POS da ke nuna shigowar kuɗi ba tare da sun iya fitar da ko kwabo ba, ko kuma su kira ki ki tabbatar kafin su miƙa kaya. Manhajar banki a wayarki take zama, wayar kuma a jakarki.

Tambaya: Wace manhajar kwaikwayon waya ce ta fi dacewa da WhatsApp a kwamfuta? *Ma'aikaci daga Gawon Nama*

Amsa: Babu. Za ka ɗauko tirela don buhu ɗaya. Shiga web.whatsapp.com, buɗe Linked devices a wayarka, ka haska lambar QR da ke allon kwamfutar. Na'urori huɗu yake karɓa. Idan kwamfutar ofis ce, ka fita daga WhatsApp ɗin (Log out) kafin ka tashi.

Tambaya: An ce Windows 11 yana buɗe manhajojin Android da kansa, na nema ban gani ba. *Malamin makaranta daga Tambuwal*

Amsa: Malam, labarin ya tsufa kafin ya iso Tambuwal. Microsoft ya kawo tsarin da Windows 11 ta hanyar shagon manhajojin Amazon, ya kuma daina tallafa masa ranar 5 ga Maris, 2025. Idan wasa yaranka ke so, akwai Google Play Games na kwamfuta.

Idan kuwa darasin da ke wayarka kake son nuna wa ɗalibai, ka bi abin da nake amfani da shi kullum: scrcpy. Kyauta ne, ba talla, ba nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗauka, domin wayar ce ke yin aikin, kwamfuta hoto kawai take nunawa. A saitin wayar, latsa Build number sau 7, kunna USB debugging, saitin da ke ba kwamfuta damar sarrafa wayar, haɗa su da kebul mai kyau, ba na caji kawai ba. Idan ka gama darasi, ka kashe USB debugging ɗin.