Tambaya da Amsa: Binciken cutar gaɓar numfashin kifin salmon a ɗakin gwaje-gwaje

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun kiwon kifi, kuma an ba mu aikin nazari a kan wata cuta da ke kama gaɓar numfashin kifin salmon a gonakin teku na ƙasashen sanyi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da a cikin teku cutar take kama kifi, mene ne amfanin rainon ƙwayar cutar a ɗakin gwaje-gwaje? Ashe ba a gonar ya kamata a yi binciken ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba da sa'a a karatu. Cutar da kake nufi wata ƙwayar halitta ce mai suna amiba take haddasa ta, wadda masana suke kira Neoparamoeba perurans. Takan manne a kan jajayen gaɓoɓin nan da ke gefen kan kifi, waɗanda da su yake zuƙar iskar oksijin daga ruwa. Idan ta manne, fatar wurin sai ta yi ta kauri, siraran ganyayyakin gaɓar su haɗe da juna, majina ta taru, har a riƙa ganin fararen tabo da ido. Kifin da ya kamu yakan rage cin abinci, ya yi laushi, idan kuma ruwa ya yi ɗumi aka yi sakaci sai ya mutu. An fara lura da cutar a tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya a tsakiyar shekarun 1980, jim kaɗan bayan an fara kiwon salmon a can, daga baya ta bayyana a Ayalan da Sikotland da Norwe da Cile, ta kuma yi ɓarna mai yawa a Sikotland da Ayalan a 2011 da 2012.

Tarihin binciken kansa ya isa ya amsa maka. Kusan shekara 20 aka yi ana ɗora laifin cutar a kan wata amiba daban, mai suna Neoparamoeba pemaquidensis, saboda ita ce take tsirowa a faranti duk lokacin da aka ɗebo samfuri daga kifi mara lafiya. Abin da ya riƙa damun masu bincike shi ne, idan suka zuba wannan amiba da suka raina a cikin tankin kifi masu lafiya, kifin ba sa kamuwa. Sai a 2007 masana a Jami'ar Tasmaniya, ta hanyar nazarin ƙwayoyin gado, suka gano cewa akwai wata amiba ta dabam da take zaune a daidai wuraren da ciwon yake, suka raɗa mata suna perurans. A 2012 kuma suka yi nasarar rainon ta a ɗakin gwaji, suka sa wa kifi masu lafiya, cutar ta bayyana, suka sake fitar da ita daga jikin kifin. Wannan shi ne cika sharuɗɗan da Bajamushe Robert Koch ya shimfiɗa tun ƙarni na 19 don tabbatar da cewa ƙwaya kaza ce take jawo cuta kaza. A kejin teku da ake kiwon kifin a ciki ba za a taɓa iya yin haka ba, domin a can ƙwayoyin cuta iri-iri, da zafin ruwa, da ƙarancin iska, da ƙananan halittu masu harbi duk suna taɓa gaɓar numfashin kifi a lokaci guda, ba a sanin wanne ya yi me.

Yadda ake rainon kuwa, ana zuba amibar a kan faranti mai ɗauke da agar (wani abu mai dalƙi da ake raino ƙwayoyin halitta a kansa) da aka haɗa da ɗan malt (tsiron hatsi) da yis, a rufe da ruwan teku da aka tace, a ajiye a wuri mai sanyin digiri 15 zuwa 18. Tana cin bakteriyar da ke tare da ita a farantin, wanda ke nufin ba ita kaɗai ake raino ba, kuma dole mai bincike ya riƙa tuna wannan idan yana fassara sakamakonsa. Da wannan amiba ake gwada abubuwan da manomi yake buƙatar sani. Misali, maganin da aka daɗe ana dogaro da shi a Tasmaniya shi ne yi wa kifi wanka da ruwan daɗi na awa 2 zuwa 3, saboda amibar ba ta jure ruwan da babu gishiri. A Sikotland da Norwe kuma ana amfani da sinadarin haidirojin feroksaid, wanda yake iya cutar da kifin kansa idan ruwa ya yi ɗumi. Gwada yawan gishiri ko yawan sinadarin da zai kashe amibar a faranti ya fi sauƙi, ya fi araha, kuma ba ya cin ran kifi ko ɗaya.

Wannan batu na ran kifi yana da muhimmanci a wurina. Gwajin da ake sa wa kifi cuta da gangan a tanki, sannan a auna tsananin ciwon da makin 0 zuwa 5, wahala ce ga dabba mai rai. Shi ya sa ake ƙoƙarin maye gurbin wani ɓangare nasa da tantanin gaɓar numfashi, wato ƙwayoyin halittar da aka ciro daga gaɓar, da ake raino a kwalba. Akwai irin da aka samar daga kifin turawut a Jami'ar Waterloo ta Kanada a 1994, mai suna RTgill-W1, akwai kuma ASG-10 da aka samar daga salmon kansa a Norwe. Idan aka zuba amiba ko ruwan da ta zauna a ciki a kan waɗannan tantani, ana iya kallon yadda suke lalacewa ta madubin hangen ƙananan halittu.

Sai dai kada ka ɗauka faranti ya gama magana. Masanan Tasmaniya sun nuna a 2015 cewa amibar da aka yi shekara 3 ana rainonta ta daina iya sa wa kifi cuta, ko da yake har yanzu ita ce ta fuskar ƙwayoyin gado. Tantanin da ke kwalba kuma ba shi da majina irin ta kifi mai rai, ba shi da jini, ba shi da cikakken garkuwar jiki. Don haka ra'ayina shi ne, duk abin da aka gano a faranti sai an tabbatar da shi a tanki da sabuwar amiba, sannan a gona, kafin a ba manomi shawara a kansa. Idan za ka rubuta aikinka, ka duba kowane rahoto ka ga tsawon lokacin da amibar ta yi a raino kafin a yi gwajin da ita.

Akwai wani abin sha'awa da ya kamata ka sani. A cikin jikin wannan amiba akwai wata ƙaramar halitta da take zaune dindindin, kuma dangin ƙwayar da ke jawo sammore a shanu da ciwon barci a mutane ce. Wannan ya sa wasu masu bincike suka gwada ko magungunan da ke kashe waccan zuriya za su yi tasiri a kan amibar.

TAMBAYA: Malam, ina kiwon tarwada a kududdufi. Wannan cuta za ta iya shiga wurina?

AMSA: A'a, Alhaji. Amibar ta ruwan teku ce mai gishiri sosai, kuma ruwan daɗi shi ne ma maganinta. Tarwada tana da nata masu addabar gaɓar numfashi, irin su ƙananan tsutsotsi da wata ƙwayar halitta mai suna Trichodina, waɗanda cunkoso da gurɓataccen ruwa suke ƙarfafawa. Idan ka ga kifinka suna goga jiki a bango ko sun daina cin abinci, ka kai samfuri wurin likitan dabbobi a duba kafin ka zuba wani magani.