Amsa kan keken lantarki na Baba da ba ya tashi sai an tura

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ka ce keken yana fizga, wani lokaci ba ya motsi sai an ɗan tura shi, kuma mai gyara ya ce a sayi sabon inji. Kada ka saya tukuna. Wannan alamar ta fi kama da ta kabon da ya cinye, wato ɗan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren injin da ke juyawa.

Fara da batir. Galibin kekunan nan bolt 24 ne, batir biyu masu bolt 12 a haɗe. Bayan cikakken caji mitar awon wuta ta nuna sama da bolt 25. A bar mitar a jiki, mutum ya hau ya ba shi wuta. In ta faɗo ƙasa da 22, batir ne ya mutu.

Sai birki. A gindin injin akwai birkin maganaɗisu, wanda ke riƙe keken in babu wuta. Ya kamata ka ji "ƙas" duk sanda aka taɓa libar tafiya. In shiru, auna wayoyinsa biyu: yawanci om 40 zuwa 80 ne. Duba kuma libar turawa da hannu ta koma wurinta sosai, don akwai ɗan makunni a jikinta da ke hana keken tashi.

In waɗannan lafiya lau, ɗora bayan keken a kan katako tayoyi su bar ƙasa, cire wayoyin injin daga kwanturola (akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin), saki birki da libar, ka ba injin wuta kai tsaye daga batir ɗaya. Mai lafiya zai juya sumul, in ka sauya wayoyin ya juya baya. In sai ka murza taya da hannu yake kamawa, to an kama ɓarawon: matsalar a cikin injin take.

Cire wayar batir kafin ka taɓa komai. Kabon biyu ne ko huɗu, a ƙarƙashin baƙaƙen murafai a gefen injin. Zaro su ka gani. Wanda ya gajarce, ko sifirin ɗinsa ya yi shuɗi don zafi, ya gama aiki. A canja su duka tare, da masu girma ɗaya daidai. Na injin niƙa ko na dirila bai cika dacewa ba, don na keken nan yana ɗauke da wuta mai yawa kuma wayarsa ta fi kauri.

In za a buɗe injin, a ja layi a jikin gwangwanin da murfinsa, domin in aka mayar a juye, gaba zai koma baya. Hure baƙar ƙurar, goge jan ƙarfen da kabon ke gogawa da samfefa mai laushi, lamba 600, sannan ka kwakule tsagogin da tsinke. Ƙurar nan ce ke haɗa wuta tsakanin layukan. Ka taɓa boris ka ji ko yana gurnani, ka duba ko maganaɗisu ya ɓalle daga gam.

In ameca, wato ɓangaren da ke juyawa mai naɗin waya a cikin injin, ta yi baƙi tana warin ƙuna, nan kabon ba zai yi magani ba, sai mai naɗin koyil ko wani injin. Kada kuma a maida injin da ya ƙone kan kwanturola a haka, zai iya ƙona ta, kuma ita ma ba arha gare ta ba. Bayan gyara a gwada shi a fili ba kowa a kai, a tabbata birki na kamawa kafin Baba ya hau.