Tambaya da Amsa: Bakan mahaifina ya tsage, zai gyaru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji bakan farauta na icen dargaza daga mahaifina. Bana da hunturu ina ɗaura masa tsirkiya sai na ji ƙas, ashe tsaga ce ta ɗago a bayansa. Na naɗe wurin da igiyar rama. Hakan ya wadatar?
Mai karatu daga Bunza, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, kwance tsirkiyar nan yau, kada ka sake jan sa.

Naɗi kaɗai bai wadatar ba. In aka ja baka, bayansa, wato gefen da ke duban abin harbi, shi ke miƙewa, cikinsa kuma, gefen da ke duban maharbi, ya matse. Igiyar da ka zagaya ta danne tsagar ne kawai, ba ta ɗaukar nauyin ja. Zaren da zai ɗauka sai an shimfiɗa shi bisa tsawon icen.

Rama tana yi, amma ni na fi yarda da jijiya, domin tana tsukewa in ta bushe, ta riƙe icen gam. Ranar kasuwa ka nemi agarar saniya wurin mahauta, ka shanya ta ta bushe ƙarau, ka daddaka bisa dutse har ta warware ta zama farin zare. Danƙon kuma, guntayen ɗanyar fata za ka dafa a ƙaramar wuta har ruwan ya yi kauri yana kama yatsa. Kada ka sa ƙaro, bushewa yake ya farfashe.

Tsohon baka ya sha mai da gumin hannu, danƙo kuwa ba ya kama maiƙo. Ka wanke bayan da ruwan toka, ya bushe. Ka ɗura danƙo cikin tsagar, sannan ka jiƙa zaren, ka tsoma, ka tsane da yatsu biyu, ka shimfiɗa, bakin wannan na hawa na wancan. Abin da ka sa wa reshen sama ka sa wa na ƙasa, in ba haka ba ɗaya zai fi ɗaya lanƙwasa. Bayan nan ne naɗin rama ke da amfani.

Ka ajiye shi a inuwa wata guda, kuma da damina ka tsare shi daga laima.

Amma kafin komai, duba cikin bakan da kyau. In akwai tsaga a gicciye, icen ya gama aiki. Ka rataye shi a ɗaki, ka sari sabuwar dargaza. Bakan da ya karye a hannu yana iya tafiya da ido.