Kwaɓi ba ya jiran wanda ya makara

Ɗana, ka tambaye ni wai me rabin awa za ta ɓata in ka makara, tunda kwaɓin burodin yana rufe a gwangwani, ba inda za shi. To, saurara da kyau.

Da zarar yis ya haɗu da ruwa da sukari, aiki ya kankama, ko kana ido biyu ko kana minshari. Yis abu ne mai rai. Yana cin sukari yana fitar da iska, danƙon fulawa kuma yana riƙe iskar, shi ne tashin da kake gani. Sai dai danƙon nan yana da iyaka. In lokaci ya wuce sai ya saki, kwaɓin ya yi tsami, ka ji yana warin barasa. Ka sa shi a wuta ya lotsa, bayansa ya fito fari fat, domin yis ya cinye sukarin da zai sa shi ya yi ja.

Ka riƙa gwadawa da yatsa. Danna gefen kwaɓin a hankali: in ramin ya ciko nan take, da saura, in ya taso sannu a hankali bai cike duka ba, maza a kai wuta, in ya zauna yadda ka bar shi, ka makara.

Da hunturu, a Disamba da Janairu, sanyi kan rufa maka asiri, don kwaɓi ba ya sauri. Amma a watan Afrilu, da zafin Kano ke haura digiri 40 da rana, ɗakin nan ba ya hucewa ko da dare, rabin awar da ka raina ta isa ta ɓata buhu guda. Shi ya sa nake rage yis da bazara, in kwaɓa da ruwan ƙanƙara. Ga tanda kuma: an kwashe garwashi, zafin da bulo ya riƙe raguwa yake yi, sai an sake ƙona itace.

Wanda ya fi ba ni tausayi mai shayi ne. Ya hura wuta tun kafin a idar da sallar asuba, leburori sun zauna a benci, babu burodi. Gobe wani gidan zai nema, kuma da gaskiyarsa.

Na san barci ɓarawo ne, balle ga mai tashi tsakar dare. Don haka in an yi isha'i ka ajiye wayar nan ka kwanta, bayan azahar ka ɗan runtsa. In za ka saita ƙararrawa, ajiye ta bakin ƙofa, inda sai ka miƙe tsaye kafin ka kashe ta.