Tambaya da Amsa: Kwafi ne maganinmu, ko yanka rumbun bayanai kashi-kashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kaduna da ke yi wa shagunan sayar da magani manhajar lissafin kaya da ciniki. Bayananmu duka suna kan manhajar rumbun bayanai ta MongoDB a saba (kwamfutar da ke riƙe rumbun) ɗaya tak, sun kusa gigabayit 80. Kwanan baya faifan sabar ya lalace, muka wuni ba aiki, masu shaguna na ta kira. Yanzu maigidana ya ce in kafa rukunin kwafi, in kuma yi shadin, wato yanka rumbun kashi-kashi, a lokaci guda, kamar yadda ya ji manyan kamfanoni na yi. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Maigidanka ya haɗa magunguna biyu na cututtuka biyu daban. Ciwon da ya kwantar da ku, kwafi ne maganinsa. Shadin kuwa ba ku kai gare shi ba, kuma da gigabayit 80 da sauran tafiya mai nisa.

Ɗauki littafin bashin ɗan kasuwa a Kantin Kwari. In ya sa yara uku kowa na rubuta duk abin da aka shigar a nasa littafin, ko ɗaya ya ɓace biyu na nan: kwafi ke nan. In kuma mabasa suka yi yawa har littafi ɗaya ya kasa ɗauka, ya ce 'yan Katsina a wannan littafi, 'yan Sakkwato a wancan: shadin ke nan. Na farko tsaro ne, na biyu neman fili.

Fara da saba uku. A fayil ɗin mongod.conf na kowace, ba su suna ɗaya a layin replSetName, ka buɗe musu ƙofa ta 27017 a tsakaninsu kawai, ka ajiye musu fayil ɗin mabuɗi iri ɗaya a layin keyFile domin su gane juna. Sai ka shiga wadda bayananku suke ciki ka buga rs.initiate() da sunayen ukun, ka duba da rs.status(). Yi amfani da sunayen sabobin maimakon lambobin IP, don lamba kan canja. Sannan wurin da aka fi yin tuntuɓe: adireshin da manhajarku ke bi ta shiga rumbun. In ka bar shi yana nuna saba ɗaya, ka yi aikin baban giwa. Jera ukun a ciki tare da sunan rukunin, manhajar da kanta za ta nemo wadda ke jagoranci.

Saba ɗaya ce jagora, ita kaɗai ke karɓar rubutu. Duk abin da ta rubuta tana shigar da shi wani kundi mai suna oplog, mabiyan biyu na karantawa suna maimaitawa. Duk daƙiƙa 2 suna taɓa juna a ji ko ana raye. In aka yi daƙiƙa 10 ba a ji ɗuriyar jagora ba, sai a kaɗa ƙuri'a, kuma sai wadda ta samu fiye da rabin ƙuri'un rukunin gaba ɗaya za ta hau. Abin da ya sa biyu ba sa isa ke nan: in ɗaya ta mutu, ragowar na da ƙuri'a ɗaya cikin biyu, rabi ne cif, ba rinjaye. Huɗu ma ba su fi uku ba, domin rinjayensu uku ne, mutuwar ɗaya kawai za su iya jurewa. Rukuni na iya kaiwa saba 50, amma 7 kaɗai ke da ƙuri'a.

Inda za ka ajiye su ya fi yadda za ka saita su muhimmanci. Na sha ganin an kafa sabobi uku a cikin kwamfuta ɗaya, ko kwamfutoci uku a ɗaki ɗaya, janareta ɗaya, layin intanet ɗaya, ana ta murna an yi kwafi. Ranar da aka ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, tare za su yi shiru. Ko ka bar biyu a ofis ka kai ɗaya wani wuri, ka sani in ofis ya mutu, ta wajen ba za ta iya naɗa kanta jagora ba. Bayananku sun tsira, za a iya karantawa, amma rubutu ya tsaya. In da hali, wuri uku daban.

Ka leƙa girman oplog ɗin. MongoDB kan ware masa kashi 5 cikin ɗari na filin da ya rage a faifai, ba ƙasa da megabayit 990 ba, ba sama da gigabayit 50 ba, kuma in ya cika sabo ke ture tsoho. Mabiyin da ya daɗe a kashe har abin da ya rasa ya fice daga kundin, sai dai ya kwashi komai daga farko. Umarnin rs.printReplicationInfo() zai nuna maka awa nawa kundin ke riƙewa. Ni dai ina son ya ɗauki hutun sallah cur, lokacin da ba mai zuwa ofis.

Tun fitowar MongoDB 5.0 a 2021, ba a ce wa manhaja rubutu ya zauna sai mafi rinjayen sabobin sun karɓa. Bar shi haka. Wasu kan sauke shi zuwa saba ɗaya don neman sauri, to jagora na iya cewa ta karɓi cinikin ta mutu kafin mabiya su gani, cinikin ya bi ruwa. A lissafin kuɗin mutane wannan sauri bai biya ba.

Kuma gaya wa maigidanka kwafi ba ya maye gurbin ajiyar ko-ta-kwana. In wani ya goge kundin ciniki bisa kuskure, kafin ya gama salati mabiyan sun goge nasu. Ci gaba da ɗaukar ajiyar da umarnin mongodump kana kai shi wani wuri, kana kuma gwada dawo da shi lokaci-lokaci. Kada ka bar ƙofar rumbun a buɗe ga intanet babu kalmar sirri. A Janairun 2017 an kwashe dubban rumbunan MongoDB da aka bari haka, aka bar wa masu su takardar neman kuɗin fansa.

To, shadin. Fara da ƙirga injuna. Kowane kaso rukunin kwafi ne mai zaman kansa, wato kaso biyu saba shida. Ga wasu uku masu riƙe taswirar inda kowane bayani yake, ga mongos, ɗan aiken da ke karɓar tambayar manhaja ya kai ta kason da ya dace. MongoDB 8.0 ya yarda a ɗora taswirar a kan ɗaya daga cikin kason, amma ko da haka kuɗin haya da dala ake biya, kuma kai kaɗai za ka riƙa tashi tsakar dare. Kafin ka je nan, bincika tambayoyin da ke nauyi da explain(), sau da yawa fihirisa ɗaya, wato jerin da ke saukaka wa rumbun nemo bayani, ita ce babu. Sai ka ƙara wa sabar ram, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita nan take.

Ranar da kuka kai, umarnin kansa ba wuya: sh.addShard() sannan sh.shardCollection(). Wuyar tana wajen zaɓen mabuɗin rabo, wato gurbin da za a duba a cikin kowace takardar bayani a ce ta wane kaso ce. In ka zaɓi ranar ciniki, ko lambar ObjectId da MongoDB ke ba kowace takarda, wadda lokaci ne a farkonta, kullum ƙaruwa take, don haka duk sabon rubutu kaso ɗaya zai dinga faɗa wa, sauran na hamma. In ka zaɓi jiha, jihohi 36 ne da Abuja, ba za a taɓa yanka bayananku fiye da gida 37 ba, kuma in rabin shagunanku a Kano suke, gidan Kano zai kumbura ba yadda za a tsaga shi. Akwai mabuɗin da ake markaɗa lambarsa don rubutu ya watsu ko'ina, sai dai tambayar "ba ni cinikin wannan wata" za ta koma yawon duk kaso. A irin aikinku, inda kusan kowace tambaya da sunan shago take zuwa, ni lambar shago haɗe da ranar ciniki zan ɗauka: mongos zai miƙe kai tsaye inda shagon yake, babban shago kuma a iya yanka shi bisa kwanaki.

Rabon da bai daidaita ba ya taɓa kayar da manya. A Oktoban 2010 Foursquare, wani kamfanin manhajar waya na Amurka, ya yi kusan awa 11 a rufe, domin ɗaya daga cikin kasonsa biyu ya fi ɗan'uwansa kumbura har ya zarce ram ɗin sabarsa. Daga 5.0 ana iya canja mabuɗi bayan an yi rabo, amma sai an sake kwashe kundin gaba ɗaya, da cin faifai da lokaci.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Maraɗi. Kuɗinmu na saba biyu ne. Na karanta cewa ana iya sa 'yar ƙaramar kwamfuta ta zama ta uku, mai ƙuri'a kawai. Ya halatta?

AMSA: Ya halatta ƙanwata, ana ƙara ta da rs.addArb(), kuma za ta raba gardama a zaɓe. Sai dai ba ta riƙe bayani ko ɗaya. In ɗaya daga cikin masu bayanan biyu ta mutu, za a samu jagora, amma duk rubutun da ya nemi amincewar mafi rinjaye zai tsaya yana jira, tunda mai ƙuri'ar ba ta da inda za ta rubuta. Saboda haka ne a irin wannan tsari MongoDB ke sauke sharaɗin da kansa zuwa saba ɗaya. Don aikin makaranta, yi abinki. In kuɗin mutane za a lissafa, sayi faifai ki mai da ta ukun cikakkiyar mabiya, ki ba ta priority na 0 don kada ta taɓa zama jagora.