Hukuma ko kamfani? Tsaya ka ji abin da ya same ni tukuna

Na ga saƙonka. Wai shekara guda kana ɗaukar mini fayil, yanzu kana so ka san inda za ka dosa: aikin sa ido kan gasar kasuwa, ko kan kafofin yaɗa labarai, ko wannan sabon fagen na tsaron intanet. Kuma ka fara daga hukuma ne ko daga kamfanin ba da shawara, inda albashi ya fi tsoka. Har da ƙarawa, "Maigida, wanne ya fi saurin ɗaga mutum?" Sauri! Ku yaran yanzu ba ku san wata kalma ba sai ita. Da ban amsa ba, sai dai tambayar ta sosa mini wani tsohon miki.

Batun zaɓen fage bai kai yadda kake ɗaukarsa ba, don katangar da ke tsakaninsu ta rushe. A Birtaniya, hukumar Ofcom da ta fara aiki a 2003 tana kula da rediyo, talabijin da sadarwa, ita aka ɗora wa dokar tsaron intanet ta 2023, da ikon cin tarar fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfani a duniya, duk wanda ya fi yawa. Tarayyar Turai kuwa a 2022 ta yi dokoki biyu a jere, ɗaya kan babakeren manyan dandamalin intanet, ɗaya kan abin da ake wallafawa a kansu. Kamfanonin su ne dai, lauyoyin ma su ne. Yadda ake shata iyakar kasuwa, da gwajin ƙarin farashi na kashi 5 zuwa 10 don a ga ko masu saye za su koma wani wuri, da lissafin kason kowa, ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda bai iya su ba ya nemi wata sana'a.

Ni daga kamfani na fara, kuma ga abin da ya jawo mini. Wani mai gidajen rediyo, ba zan kama suna ba, ya so ya saye babban abokin hamayyarsa. Aka ɗauke ni in rubuta rahoton da za a miƙa wa hukuma. Hujjarmu guda ce: tallan rediyo ba kasuwa ba ce mai zaman kanta, masu talla suna guduwa intanet, saboda haka ko an haɗe kamfanonin biyu kasonsu ɗan mitsitsi ne. Hujja ce mai kyau, har yau ina alfahari da yadda na gina ta. Wata takwas ina kanta, 'yata ta fara tafiya ban gani ba.

Sau uku ina tambayar daraktan kuɗinsu: akwai wata takarda a cikin gida da ta faɗi saɓanin wannan? Sau uku yana dafa kafaɗata yana murmushi, babu. Alƙaluman da ya ba ni a tsare suke tsaf, kuma tsaruwar ce ya kamata ta tayar mini da hankali, don bayanan gaskiya ba sa zuwa da guga. Na nemi ainihin littattafan sayar da talla, aka ce sashen yana canza manhaja, in yi haƙuri. Na yi haƙurin. Na sa hannu.

Hukuma ta yi abin da kowace hukuma mai hankali take yi, ta nemi takardun cikin gida, har da imel da bayanan zaman daraktoci. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A ciki aka tarar da jadawalin da sashen talla ke fitarwa duk wata, abokin gasa ɗaya tak a jikinsa, wato wanda za a saya. Intanet ko a gefen shafi babu. Aka kuma tarar da saƙon shi wannan mai dafa kafaɗar, yana lissafa yadda za a ɗaga kuɗin talla da zarar ciniki ya faɗa. Wata yarinya ma'aikaciyar hukumar ce ta karanto mini shi a zaman sauraro, wadda ba ta girme ka ba, kalma bayan kalma, sannan ta ɗago kai ta tambaya ko na taɓa ganinsa. In ce na gani, na zama maƙaryaci. In ce ban gani ba, na zama sakarai. Na zaɓi sakarai, don ita ce gaskiya.

Cinikin ya rushe. Masu gidajen rediyon kuma suka rubuto cewa mai ba su shawara ne bai yi bincike yadda ya kamata ba, suka danne sauran kuɗin aikina, fiye da rabi. Lauyana ya ce in na kai ƙara asirin kowa zai tonu, nawa ne zai fi wari. Ba kuɗin ne ke ci mini tuwo a ƙwarya ba. Bayan shekara biyu na nemi babban muƙami a wata hukuma, na kai matakin ƙarshe, sai ga ɗaya daga cikin masu tantancewa riƙe da rahoton nan. Daraktan kuɗin kuwa yana nan yana yawon taro yana lacca kan riƙon amana.

Kada ka zaci ƙananan kamfanoni kaɗai ke wannan. A 2014, lokacin da yake neman sayen WhatsApp, Facebook ya shaida wa Hukumar Tarayyar Turai cewa ba zai iya haɗa asusun masu WhatsApp da na Facebook kai tsaye ba. A 2016 aka fara haɗawa, a 2017 hukumar ta ci shi tarar yuro miliyan 110 saboda bayanin da ya ɓatar da ita. Kamfani ya biya ya kaɗe rigarsa. Mutum ɗaya irina ba shi da wannan gatan.

Saboda haka hukuma za ka fara, ko albashin bai yi maka ba. A can ne kake da ikon cewa a kawo takarda a kawo, a can za ka ga bambancin abin da kamfani ke gaya wa duniya da abin da yake gaya wa kansa. Yarinyar nan ta fi ni sanin aiki a ranar, ba don ta fi ni ilimi ba, sai don ta karanta dubban shafukan da aka hana ni. In tsaron intanet ka zaɓa, wasan bai canza ba: dandali zai kawo maka rahoton auna haɗari mai sheƙi, ya ce ya goge miyagun saƙonni kaza, kai kuma ka tambayi nawa aka gani kafin a goge, kuma wa ya ƙirga. Sai dai ka sani akwai masu kallon abin da ido bai kamata ya gani ba a wannan fagen, kuma ba kowace zuciya ke ɗauka ba. Ka yi shekara biyar, sannan ka tsallaka kamfani in kwaɗayin bai sake ka ba.

Rahoton da ka ajiye mini jiya kuma, na ga alƙalumman shafi na 14. Ƙamshin na'urar nan da kuke tambaya komai nake ji a jikinsu. Gobe da safe ka zo da takardar da ka ciro kowanne daga ciki, in babu kuma ka goge sunana daga bangon.